Dunƙulewar Duniya da Makomar Al'adu: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗalibai, malamai da masu bibiyar al'amuran duniya suka fi maimaitawa idan maganar dunƙulewar duniya ta taso. An fara da na tushe, sannan aka gangara zuwa waɗanda ke buƙatar bayani mai zurfi.

Mece ce dunƙulewar duniya, kuma da me ake gane ta?

Dunƙulewar duniya ita ce ƙaruwar zirga-zirgar kaya, kuɗi, mutane, labarai da ra'ayoyi tsakanin ƙasashe, har ta kai abin da ya auku a wani sashe na duniya yana shafar rayuwar mutanen da ba su taɓa taka wurin ba. Mai son ganin ta ƙuru-ƙuru ya dubi jirgin dakon kaya mai suna Ever Given, wanda ya gitta ya toshe mashigin ruwa na Suwez har kwana shida a watan Maris na 2021. Jirgin mallakar wani kamfanin Japan ne, kamfanin Taiwan ne ya ɗauke shi haya, tutar Panama ke kansa, ma'aikatansa 'yan Indiya ne, ya taso daga Malesiya zai je ƙasar Holan, a Masar kuma ya maƙale. Ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko a gabansa da bayansa, masana'antu da shaguna a nahiyoyi daban-daban suka zauna jiran kayan da ba su san ranar isowarsu ba.

Sai dai a kula, abubuwan nan ba da sauƙi ɗaya suke ƙetare iyaka ba. Kuɗi na tsallakawa cikin ƙiftawar ido, kwantena na yin makonni a teku, shi kuwa ɗan Adam, musamman talaka, sai ya nemi biza, kuma ana iya hana shi. Yawancin gardandamin da ake yi kan wannan batu daga nan suke tasowa, kamar yadda za a gani a amsar da ta shafi ƙaura.

Shin sabon abu ne da ya zo da intanet?

A'a, ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Tun kafin haihuwar Annabi Isa fatake ke kai siliki daga ƙasar Sin zuwa yankin Bahar Rum, kuma ta irin waɗannan hanyoyi ne addinin Buddha ya shiga Sin, fasahar yin takarda ta isa ƙasashen Musulmi daga nan ta wuce Turai, annobar da ta hallaka kaso mai yawa na Turawa ita ma ta iso musu a 1347. Bayan tafiyar Kolumbus ta 1492, masara, dankalin Turawa, tumatir, rogo da barkono suka fito daga nahiyar Amurka suka bazu a duniya, dawakai da alkama da cutar agana kuma suka shiga can. Yau da wuya a yi tunanin girkin Italiya babu tumatir, ko na Indiya da Tailan babu barkono, alhali dukansu baƙi ne da suka zauna har aka manta da baƙuncinsu.

Wannan tarihi ba na fatauci kaɗai ba ne. A cikinsa ne aka kwashi 'yan Afirka fiye da miliyan 12 a jiragen bayi zuwa nahiyar Amurka, a cikinsa ne kuma mulkin mallaka ya sake zana taswirar duniya. Duk wanda ke mamakin yadda wasu al'ummomi ke ɗari-ɗari da kiran a buɗe ƙofa, to ya tuna yadda aka buɗe musu ita a karon farko.

To me ya ƙara mata sauri a ƙarnin da ya wuce?

Abubuwa uku ne suka haɗu. Na farko dokoki: a taron Bretton Woods na 1944 aka kafa Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya, a 1947 aka ƙulla yarjejeniyar rage harajin shigo da kaya, wadda Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya ta gada a 1995. Na biyu akwatin ƙarfe. A 1956 wani ɗan kasuwar Amurka, Malcom McLean, ya ɗora kwantena 58 a kan jirgi guda daga Newark zuwa Houston, kuma daga wannan gwaji ne lodin da a da ke cin kwanaki da ƙarfin 'yan dako ya koma aikin na'urar ɗaga kaya na 'yan awoyi. Da jigila ta yi arha, sai ya zama ana iya noma auduga a wata ƙasa, a saƙa ta a wata, a ɗinka a ta uku, a sayar a ta huɗu, kuma a ci riba.

Na uku sadarwa. Tim Berners-Lee ya fito da tsarin shafukan yanar gizo a 1989, yau kuma masu amfani da intanet sun haura biliyan 5, ko da yake har yanzu akwai fiye da biliyan 2 da ba su shiga ba.

Shin dunƙulewar duniya tana mai da al'adun mutane iri ɗaya?

A sama-sama, haka abin yake. Filayen jiragen sama, manyan kantuna, dogayen gine-ginen gilashi, wandon jins da wayar hannu duk sun yi kama da juna daga Dubai zuwa Sao Paulo, kuma matashi a Jakarta na iya kallon bidiyon da takwaransa na Landan ya kalla a awa guda. Wanda ya tsaya a nan zai ce an gama, duniya ta zama gari ɗaya.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya shigo daga waje ba kasafai yake zama yadda ya zo ba, domin masu karɓarsa sukan gyara shi ya dace da su. Lokacin da McDonald's ya shiga Indiya a 1996, dole ya cire naman shanu da na alade daga jerin abincinsa, ya ƙirƙiro na dankali da kayan lambu. Ingila ce ta tsara dokokin ƙwallon ƙafa a 1863, amma Brazil da Ajantina sun mai da wasan nasu, da salonsu da waƙoƙinsu da jarumansu. Wasan kurket ya shiga Indiya ne da Turawan mulkin mallaka, yau kuwa a can ne mafi yawan kuɗin wasan da masu kallonsa suke. Salon waƙar baka na hip-hop da matasa baƙar fata suka ƙirƙiro a unguwar Bronx ta birnin New York a shekarun 1970 yanzu da Faransanci da Larabci da Koriyanci ake yin sa, kowa yana faɗin damuwar unguwarsu.

Duk da haka bai kamata wannan ya zama abin kwantar da hankali fiye da kima ba. Gyara baƙon abu aiki ne na mai ƙarfi: al'ummar da ke da yawan jama'a, da kasuwa, da makarantu, da gidajen talabijin nata tana iya tankaɗe abin da ya zo mata, ta riƙe gari ta zubar da tsaki. Ƙaramar al'umma mai mutum dubu biyu a tsibiri ko a dajin Amazon ba ta da wannan dama, sau da yawa sai dai ta haɗiye abin yadda ya zo. Amsar da ta shafi harsuna ta nuna inda wannan bambanci ya fi fitowa fili.

Ba al'adun Amurka da Turai kawai ake ɗora wa duniya ba?

An daɗe ana wannan zargi, kuma yana da tushe, domin kamfanonin da suka mamaye kafofin sada zumunta da na kallon fina-finai a yawancin ƙasashe, irin su Facebook, YouTube da Netflix, na Amurka ne, su ne kuma ke tsara ƙa'idar abin da zai bayyana a gaban mai kallo da abin da zai nutse. Sai dai ruwan ba hanya ɗaya yake gudu ba. Fina-finan Indiya sun yi farin jini a Tarayyar Sobiyet tun shekarun 1950. Wasannin kwaikwayon Turkiyya na talabijin sun sami kasuwa a ƙasashen Larabawa, yankin Balkan da Latin Amurka. Wata waƙa ta Koriya ta Kudu ce ta fara kaiwa kallo biliyan 1 a YouTube a Disambar 2012, kuma a 2020 wani fim na ƙasar ya lashe babbar lambar Oscar, karo na farko da fim ɗin da ba na Turanci ba ya yi hakan.

Abin lura shi ne ƙasashen da suka iya mayar da martani ba da ka suka yi ba. Koriya ta Kudu ta zuba jari a masana'antar nishaɗinta da gangan, ta kuma daɗe tana kare ta da doka, kamar yadda aka yi bayani a amsar da ta shafi dokokin kare al'adu.

Me ke faruwa da ƙananan harsuna?

Nan ne asarar ta fi muni, kuma shiru ake yin ta. A duniya akwai harsuna kimanin 7,000, kusan kashi 40 cikin 100 nasu na fuskantar barazanar ɓacewa, yayin da harsuna ashirin da 'yan kai kacal ke ɗauke da kusan rabin mutanen duniya. Kusan rabin shafukan intanet da Turanci aka rubuta su. Galibi ba doka ce ke kashe harshe ba a yau. Iyaye ne ke duba inda aiki da jarrabawa da ci gaba suke, sai su zaɓi yi wa 'ya'yansu magana da babban harshe, cikin kyakkyawar niyya. Yaron zai taso yana jin harshen kakarsa amma ba ya mayarwa, nasa ɗan kuma ko ji ba zai yi ba. Cikin zuriya uku an gama, tare da sunayen tsirrai, tatsuniyoyi da hanyoyin gaisuwa da babu su a wani harshen.

Ana iya juya akalar, amma da tsada. Al'ummar Maori ta Niyu Zilan ta fara buɗe makarantun renon yara da harshenta zalla a 1982, inda tsofaffi ke zama da ƙananan yara, kuma a 1987 harshen ya zama na hukuma. A shekarar 1982 ɗin dai aka buɗe tashar talabijin mai harshen Welsh, na mutanen yankin Wales, a Birtaniya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2022 zuwa 2032 domin harsunan 'yan asalin ƙasa, sai dai sanarwa ba ta raya harshe idan ba a magana da shi a gida.

A fannin tattalin arziki, wa ya ci riba, wa ya yi asara?

Babbar ribar a Gabashin Asiya take. Sin ta fara sauye-sauyen tattalin arziki a 1978, ta shiga Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya a 2001, kuma Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 800 ne suka fita daga ƙangin talauci a ƙasar cikin shekara arba'in. Shenzhen, wanda aka mai da yankin kasuwanci na musamman a 1980 yana ƙaramin gari, yau yana da mutum fiye da miliyan 17. A Bangaladash kimanin mutum miliyan 4 ke aiki a masana'antun ɗinki, akasarinsu mata, kuma albashin da suke samu ya sauya matsayin mace da yawa a gidan iyayenta da na mijinta.

Amma a ƙasar ce dai, ranar 24 ga Afrilun 2013, ginin Rana Plaza ya rufta a kusa da Dhaka ya kashe mutum fiye da 1,100. An ga tsagewa a bangon tun kwana guda kafin nan, bankin da shagunan da ke ƙasan ginin suka rufe, amma aka umarci masu ɗinki su koma bakin aiki. A cikin ɓaraguzan an tsinci tambarin kamfanonin tufafi na Turai da Arewacin Amurka. Arhar rigar da mai saye ke murna da ita a wata nahiya, wani ne ya biya cikon kuɗinta a wata.

Akwai masu asara a ƙasashe masu arziki ma. Ayyukan masana'antu a Amurka sun ragu daga kimanin miliyan 17 a 2000 zuwa ƙasa da miliyan 12 a 2010, ko da yake na'urori da durƙushewar tattalin arziki ta 2008 suna da nasu kason a ciki. A Meziko, bayan yarjejeniyar ciniki ta 1994 da Amurka da Kanada, ƙananan manoman masara sun sha wuyar gogayya da masarar Amurka mai tallafin gwamnati, da yawa suka bar gona suka nufi birane ko Amurka. Matsalar ita ce riba na bazuwa kaɗan-kaɗan a kan jama'a masu yawa, asara kuwa takan faɗa wa gari guda gaba ɗaya.

Yaya ƙaura ke sauya iyali da zamantakewa?

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 281 ke zaune a ƙasar da ba a cikinta aka haife su ba, wato kashi 3.6 cikin 100 na mutanen duniya. Adadin bai kai yadda hayaniyar siyasa ke nunawa ba, amma tasirinsa ya zarce girmansa. Kuɗin da 'yan ci-rani ke aikawa gida ya ninka duk tallafin da ƙasashe masu arziki ke bai wa matalauta. Indiya kaɗai ta karɓi fiye da dala biliyan 100 a 2022, a Tajikistan kuwa irin wannan kuɗi ya sha haura kashi ɗaya cikin huɗu na arzikin ƙasar.

Kuɗin na gina gidaje yana biyan kuɗin makaranta, amma yana zuwa da wani sabon tsarin iyali. Mace daga Filifin na renon 'ya'yan wasu a Hong Kong ko Riyad, nata kuma kakarsu ce ke riƙonsu, tana ganin girmansu ta fuskar waya. A Ƙatar da Hadaddiyar Daular Larabawa kusan tara cikin kowane mutum goma baƙi ne, mafi yawansu kuma ba su da hanyar zama 'yan ƙasa komai daɗewarsu. 'Ya'yan baƙi da aka haifa a Turai sukan tsinci kansu a tsakiya: a can ana tambayarsu asalinsu, idan sun je ƙasar iyayensu kuma ana kiransu Turawa.

Me ya sa ake ƙara ganin kishin ƙasa da na asali a daidai lokacin da duniya ke dunƙulewa?

Domin mutum yakan fi tuna ko shi wane ne idan ya ji ana neman narkar da shi. Ranar 1 ga Janairun 1994, ranar da yarjejeniyar cinikin Arewacin Amurka ta fara aiki, 'yan asalin jihar Chiapas ta Meziko suka yi tawaye. A 1999 dubban masu zanga-zanga suka dagula taron Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya a Seattle. A 2016 masu zaɓe a Birtaniya suka amince da ficewa daga Tarayyar Turai. Waɗannan mutane ba aƙida ɗaya gare su ba, wasu masu ra'ayin sauyi ne wasu 'yan mazan jiya, amma kukansu ya yi kama: ana yanke hukunci kan rayuwarsu a wurin da ƙuri'arsu ba ta kaiwa. Mutanen Indonesiya sun ɗanɗani haka a zahiri, domin rikicin kuɗin da ya faro daga Tailan a Yulin 1997 ya karya darajar kuɗinsu, ya kuma taimaka wajen kawo ƙarshen mulkin Suharto a Mayun 1998.

Shin ƙasa na iya kare al'adunta da doka?

Tana iyawa zuwa wani mataki. Faransa ta kafa dokar tilasta amfani da Faransanci a tallace-tallace da kwangiloli a 1994, ta kuma wajabta wa gidajen rediyo ware kashi 40 cikin 100 na waƙoƙinsu ga na harshen. Kanada na da irin wannan ƙa'ida tun farkon shekarun 1970. Koriya ta Kudu ta wajabta wa sinimomi nuna fina-finan gida kwana 146 a shekara, kafin ta rage zuwa 73 a 2006 lokacin da take shirin tattauna yarjejeniyar ciniki da Amurka. A 2005 hukumar UNESCO ta amince da yarjejeniyar da ta tabbatar wa ƙasashe wannan haƙƙi, ƙasashe 148 suka goyi baya, Amurka da Isra'ila kaɗai suka ƙi.

Rufe ƙofa gaba ɗaya kuwa bai cika ɗorewa ba. Japan ta taƙaita hulɗa da waje fiye da shekara 200, har jiragen yaƙin Amurka suka iso a 1853. Butan ba ta yarda da talabijin ba sai 1999. Kuma dokokin kason waƙoƙi an yi su ne domin zamanin rediyo, ba su da tasiri sosai kan matashin da ke zaɓar abin da zai ji a wayarsa. A ra'ayin mai wannan rubutu, dokar da ke taimakon masu ƙirƙira na gida su yi aiki mai kyau ta fi wadda ke hana na waje shigowa amfani, ballantana ma sau da yawa gwamnatoci kan fake da kare al'ada su toshe bakin masu sukarsu.

Wa ke da haƙƙin mallakar ilimin gargajiya idan ya shiga kasuwar duniya?

Wannan na cikin tambayoyin da dokokin duniya ba su gama warwarewa ba, domin tsarin haƙƙin mallaka an gina shi ne kan mai ƙirƙira guda da ranar ƙirƙira, ilimin gargajiya kuwa na jama'a ne, ba a san wanda ya fara shi ba. A 1995 hukumar rajistar ƙirƙire-ƙirƙire ta Amurka ta ba da haƙƙin mallaka kan amfani da kurkum wajen warkar da rauni, abin da Indiyawa suka gada kaka da kakanni. Sai da Indiya ta kawo tsofaffin rubuce-rubuce a matsayin hujja kafin a soke shi a 1997. Daga baya ƙasar ta tattara ilimin magungunanta na gargajiya a rumbun kwamfuta domin masu tantance buƙatun mallaka su riƙa dubawa. Indiya ta yi nasara ne saboda iliminta a rubuce yake, tana kuma da lauyoyi. Al'ummar da nata ilimin a baki yake ba ta da takardar da za ta kai kotu, wanda ya sake komar da mu ga bambancin ƙarfi da aka ambata a amsar da ta shafi kamanceceniyar al'adu.

Shin dunƙulewar duniya ta fara ja da baya?

Akwai alamun haka. Amurka ta fara ƙara wa kayan Sin haraji a 2018. Cutar korona, wadda aka fara ganinta a Wuhan a Disambar 2019, ta game duniya cikin 'yan watanni har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annoba ranar 11 ga Maris na 2020, kuma ƙasashe da dama sun gano cewa ko takunkumin fuska ba sa iya yi wa kansu isasshe. Tun daga nan gwamnatoci ke ƙoƙarin dawo da masana'antu masu muhimmanci gida ko ƙasashen da suke ɗasawa da su. Intanet ma na rarrabuwa: Sin ta toshe Facebook tun 2009, Indiya ta haramta TikTok a 2020.

An taɓa ganin irin wannan koma-baya. Kafin 1914 mutum na iya ratsa yawancin Turai ba tare da fasfo ba, sai yaƙe-yaƙen duniya biyu da karayar tattalin arziki ta 1929 suka wargaza tsarin, aka kwashe shekaru da dama kafin ciniki ya farfaɗo. Abin da ake gani yanzu bai kai wannan ba, ya fi kama da sauya hanya: kamfanonin da suka rage aiki a Sin da yawansu ba gida suka koma ba, Biyetnam, Indiya da Meziko suka nufa, kuma wani kaso mai yawa na kayan haɗin da masana'antun Biyetnam ke amfani da su daga Sin ɗin ake kawo su.